Baƙar Masarar Kawu

Na karanci labarin ƙasa a jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo gida Makarfi da takarduna a cikin leda. Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba, kusan kowane gida a unguwarmu akwai mai irin labarin. Nakan buga kwafin takardun in kai wani ofis, a ce in dawo. Waɗanda suka rage sai in juya bayansu in riƙa zane da biro, don kada hannuna ya zauna haka nan. Ina jin daga nan abin ya fara, ko da yake ba zan rantse ba, domin Inna ta ce tun ina firamare nake ɓata mata bangon ɗaki da gawayi.

Babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini. A waya na fara ganin yadda ake riƙe burushi da yadda ake haɗa launi. Sai dai masu koyarwar mutanen wasu ƙasashe ne, abin da ke ƙofar gidansu suke zanawa, ni kuma ina bin su sau da ƙafa. Na yi kusan wata shida ina zana duwatsu masu ƙanƙara da wasu dogayen itatuwa masu tsini waɗanda ko sunansu ban sani ba. Fentin da nake aiki da shi ragowar fentin gida ne da wani abokina mai fenti ke tara mini a gwangwanin madara, sai 'yan ƙanana da nakan sayo idan na shiga Zariya. Allona kuwa guntayen silin ne da kafintan layinmu ya yanke ya jingine.

Baba malami ne, manyan ɗalibai ke ɗaukar karatu a zaurensa bayan la'asar. Na daɗe ina ɓoye masa, ina tsara yadda zan faɗa da yadda zan kare kaina. Ranar da na kai masa maganar, bai ko rufe littafin da ke gabansa ba.

"Ban da mai rai," ya ce.

"Itace fa, Baba?"

"Itace ba ya cikin maganar."

"To idan tsuntsu ne can nesa, ɗigo kawai, ba ido ba baki?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ko ruwa aka ba ka sai ka tambayi wanda ya haƙa rijiyar. Ka bar tsuntsu ya tashi abinsa."

Shi ke nan sharaɗin, kuma har yau ban karya shi ba. A ganina ma alheri ya zame mini. Da aka cire mini mutum da dabba, sai ya rage daga ni sai ƙasa da sama da abin da ya tsiro a tsakaninsu.

Daga baya na gaji da ƙanƙarar da ban taɓa takawa ba, na fara ɗaukar mashin ɗin yayana ina fita. Na zana duwatsun da ke hanyar Ikara da safe, kafin rana ta wanke musu launi. Na zauna a bakin fadamun Kudan ina ƙoƙarin kama yadda rake ke kwantawa idan iska ta bi ta kansa. A can ne wani dattijo ya tsaya a kaina, muka gaisa har gida da iyali da gajiya, sannan ya sassauta murya ya ce, "Malam, don Allah hanyar ta ina za ta bi? Idan ta cikin raken nan ce, a gaya mana tun da wuri." Ya ɗauka ma'aikacin safiyo ne ni, irin masu awon hanya. Na yi ta bayani, na nuna masa allon, ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Da zai tafi ya sake cewa, "To, amma dai a duba mana."

A shekara ta biyu mutane sun fara cewa na iya. Wani mai shagon magani ya rataya ɗaya daga cikin zanukana, wani malamin makaranta ya karɓi biyu. Ni kaina na fara yarda, ko da yake a ɓoye nakan ce wataƙila don ba su ga na waɗanda suka iya ba ne.

A farkon wata damina aka kawo Kawu gidanmu. Yayan Inna ne, manomi a Gazara, mutumin da ban taɓa ganinsa zaune da rana ba. Ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. 'Ya'yansa maza suna can kudu wajen nema, mu kuma mun fi kusa da asibitin da ake yi masa gashin ƙashi, sai aka gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure. Gonarsa aka ba maƙwabcinsa aro, shi kuma ya zuba mata waken soya.

Maganar Kawu ta dawo a hankali, tana ɗan ja, amma ana ganewa. Ƙafar ce ta ƙi. Bai cika kuka da ciwon ba, gonar yake tambaya. Wani ɗan'uwa da ya zo dubiya ya ɗauko masa hotonta a waya don ya faranta masa rai. Kawu ya karɓa da hannun dama, ya kawo kusa da ido, ya mayar nesa, ya miƙa masa abinsa.

"Wannan gonar mai wake ce. Ni masara na bari."

Bayan an yi kaka, rani ya shiga, wata safiya na durƙusa ina gaishe shi, ya ce in matso.

"Ɗan boko, an ce kana zana daji."

"Ina dai gwadawa, Kawu."

"Gwaji shekara biyu? To ka je ka gwada mini gonata. Ba yadda take yanzu ba. Yadda take a hannuna, masara ta yi goyo. Ina so in buɗe ido in gan ta a bangon nan."

Ya nuna bangon da ke fuskantar gadonsa. Na san, kamar yadda kowa a gidan ya sani, cewa da wuya Kawu ya sake taka gonar nan da ƙafarsa. Hanyar shiga ba ta mota ba ce, shi kuma ba zai iya zaman mashin ba. Idan zai sake ganinta, to a bangon nan ne. Na ce to.

Na je Gazara sau huɗu a wannan ranin. Na yi aikin da duk kulawar da na iya. Na taka gonar daga kusurwa zuwa kusurwa, na zana layin gamba da ya raba ta da ta maƙwabta, da surin da ke tsakiya, da ɗorawa biyu na yamma, da babban gawon da ke gabas wanda Kawu ke jingina galmarsa a jikinsa. Gawon ya cika da ganye, inuwarsa ta yi faɗi, a ƙarƙashinta ma nake zama in yi aikin. Da na dawo gida sai na shuka masarar da ka. Na buɗe koren da na sayo a Zariya, mai haske, mai daɗin kallo, na jera ta layi-layi, na ɗora wa kowace goyo. Mako uku na yi. Da na gama na ja da baya na duba, na ce a raina ban taɓa yin wanda ya kai shi ba.

Na kai masa da hantsi, Inna tana ɗakin tana ba shi kunu. Na jingina allon a kan kujera.

Kawu ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wane wata ne wannan?"

"Agusta, Kawu. Tsakiyar damina."

"To wa ya ba gawon nan ganye?"

Inna ta ajiye kofin ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya tsaya tsirara sauran itatuwa suna kore, sai ruwa ya ɗauke ya yi tofo. Shi ya sa ma manoma ke barinsa a gona, ba ya tare wa shuka rana. Na sani. Na taɓa rubuta shi a jarrabawa. Amma da ganye na gan shi, da ganye na sa shi, na haɗa rani da damina a allo ɗaya.

"Wannan mai sauƙi ne, Kawu, zan gyara."

"Gawo mai sauƙi ne. Masarar fa? Wa ya hana ta taki?"

"Taki kuma?"

"Dube ta. Ja ce. Masarar malalaci ke nan, wanda ya shuka ya tafi kasuwa. Ni tawa baƙa ce. Tambayi uwarka. Mutum ya taho daga hanyar Gubuchi, tun daga nesa zai ga baƙin ya ce ga gonar wane."

"Baƙa ƙirin," Inna ta ce. "Wannan kam gaskiya ne."

Na duba allon. Babu ɗigon ja ko ɗaya a cikin masarar, koriya ce shar. Amma na san abin da yake nufi, ko in ce na ɗauka na sani. A bakin manomi, shukar da ta ƙoshi baƙa ce, wadda ta ji yunwa ko ruwa ya yi mata yawa kuma ja ce, ko da mai fenti zai kira ta rawaya. Tun ina yaro nake jin haka, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wane launi ne ainihinsa ba.

"Ka jira damina," Kawu ya ce. "Ka je ka gani da idonka."

Damina saura wata huɗu kafin masara ta kai yadda yake so. Ni kuwa ina ganin yadda hannun rigarsa ke ƙara yi masa yawa. Ban faɗa wa kowa ba, amma tsoron da nake ji shi ne in tsaya jiran ruwa, mai gonar ya riga ni tafiya. Saboda haka na nemi gajeriyar hanya. Na ce tunda baƙi yake so, ga baƙin fenti a gwangwani. Na kankare ganyen gawon, na zuba baƙi a cikin koren na dama, na bi masarar kaf na shafe.

Wannan karon ko ɗakin Kawu bai kai ba. Inna ta gan shi a tsakar gida na jingina yana shan iska, ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Wa ya sa wa gonar Yaya wuta?"

"Inna, baƙi kuka ce."

"Baƙin ƙoshi muka ce, ba na gobara ba. Kada ka kuskura ya ga wannan, sai ciwonsa ya tashi."

Ta yi gaskiya. Masarar ta mutu a tsaye, kamar an yayyafa mata toka da ruwa. Na juya allon ya fuskanci bango. Kwana biyu ban taɓa burushi ba, ina ta tunanin ko dai masu cewa na iya kunyata suke ji. A rana ta uku na je na gaya wa Kawu gaskiya, cewa na gwada wata dabara ba ta yi ba, kuma zan jira damina kamar yadda ya ce.

"Da ma ita ba a yi mata gaggawa," ya ce. "Ni ma ina nan. Ina zan je da ƙafa ɗaya?"

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noma, aka yi huɗa. Kawu da kansa ya zaɓa mini inda zan je. Ya ce akwai wani abokinsa a wajen Dandamisa wanda a duk yankin shi kaɗai ya yarda masararsa tana kusa da tasa, kusa kawai. Na je wurin mutumin da saƙon gaisuwa. Ya yi dariya da ya ji abin da ya kawo ni, ya ce in shiga, gona ba ta ƙin baƙo, in dai ba zan karya masa goyo ba.

Kwana tara ina zuwa. Ranar farko ban zana komai ba. Na tsaya daga bakin hanya, na ga lallai baƙa ce, babu wata kalma da ta fi wannan dacewa. Na matso, sai baƙin ya fara warwarewa. Na shiga tsakanin kunya biyu na tsuguna, na kama ganye ɗaya na juya shi. Babu baƙi a jikinsa ko kaɗan. Kore ne mai nauyi wanda shuɗi ya yi masa yawa, kamar an tsoma shi a baban rini an fitar. Saman ganyen yana da sheƙi, yana ɗaukar launin sama ya mayar, har wani wurin ya yi fari-fari. A ƙasa kuma, inda ganye ya hau kan ganye, rana ba ta isa ba, duhu ne mai ɗumi, da ɗan jan ƙasa a cikinsa. Waɗannan ukun ne idan suka haɗu daga nesa ido ke kira baƙi. Aƙalla haka na fahimta, kuma abin da na gwada a kai bai ba ni kunya ba.

A nan bakin gonar na riƙa haɗawa a kan murfin bokiti. Na ajiye koren Zariya gefe, ban sake buɗe shi ba. Na ɗauki shuɗi mai duhu na sa masa rawaya kaɗan-kaɗan, sannan na ɗiga ja kamar ƙwayar gero. In shafa a gefen allo, in tsinko tsohon ganye in kara, in ja da baya taku ashirin in duba. Mai gonar yakan zo wucewa ya leƙa. Kwana biyar yana cewa, "Da saura." A na shida ya tsaya ya ce, "Yanzu ta ci taki." Ban san lokacin da na yi masa godiya har sau uku ba.

Tun daga wannan lokacin ban sake zana wani wuri a watan da ba nasa ba, kuma ban sake yarda da launin da ya fito daga gwangwani kai tsaye ba. Idan aka tambaye ni inda na yi karatun zane, nakan ce a waya na fara, amma a gonar masara na gama. Ba wasa nake yi ba.

Kafin in hau sabon allo na koma Gazara in ga gonar Kawu da ruwa a jikinta. Gawon yana tsaye ba ganye ko ɗaya, rassansa fari-fari a gaban hadari. Waken maƙwabcin ya yi kyau. Sai na lura da abin da rani ya ɓoye mini: a kusurwar kudu maso gabas ƙasar ta ɗan faɗa, ruwa yana kwanciya, waken wurin ya tsumbure ya yi ja, faɗinsa bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. Kusa da suri kuma shukar ta fi ko'ina tsawo da duhu.

Wannan kusurwar ta hana ni sukuni. Idan ruwa yana kwanciya wa wake, ya kwanta wa masara. Amma mutumin da ya ce masararsa baƙa ce tun daga hanyar Gubuchi, anya zai so ya buɗe ido kullum ya ga ja a bangonsa? Mai jinya ne, kuma sau ɗaya na riga na ba shi masarar malalaci. Na yi niyyar tambayarsa, na ga idan na tambaya zai ce in yi yadda na gani, ya bar ni inda nake. Sau biyu ina shafe wurin da baƙin ƙoshi, sau biyu ina dawo da shi. A ƙarshe na bar shi yadda ƙasar ta nuna mini: 'yan layuka gajeru, ganyensu ya koɗe, ruwa yana ƙyalli a tsakanin kunya.

Na kai masa ranar wata Alhamis bayan azahar. Inna ta biyo ni, ta tsaya a bakin ƙofa. Na ɗaga allon na riƙe a jikin bangon.

Kawu ya ce a tayar da shi zaune. Inna ta sa masa matashi a baya. Ya fara daga yamma, ina ganin idonsa yana bin ɗorawa, ya bi layin gamba, ya tsaya a kan suri, ya wuce gawo. Bai ce komai a kan gawon ba, bai ce komai a kan launin ba. Da ya iso kusurwar sai ya tsaya. Na fara shirya ban-haƙuri a bakina.

"Matso da ita."

Na matso. Ya ɗaga hannun dama ya ɗora yatsa a kan jan wurin.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa, Kawu. Na ga ruwa yana kwanciya ne. Idan ba ka so, yanzu zan..."

"Wurin nan," ya ce, ba da ni yake ba, da Inna yake, "tun mahaifinmu Baffa yana da rai yake ba mu wahala. Na zuba masa takin gida, na zuba masa toka, shekara guda har shinkafa na gwada. Kin tuna?"

"Na tuna. Tsuntsaye suka cinye."

"Suka cinye." Ya yi 'yar dariya da rabin bakinsa, bai ɗauke yatsan ba. "Ita ce. Gonata ce."

Inna ta juya ta fita, ta ce ta bar tukunya a wuta. Ni kuma na tsaya riƙe da allo, ban san ko in ajiye ko in ci gaba da riƙewa ba.

"Ɗan boko, fentin naka ya ƙare?"

"Da saura, Kawu."

"To ka ga nan?" Ya ja yatsa daga kusurwar, ya bi gefen gamba zuwa ƙarshen allon. "Na daɗe ina so in fitar da 'yar hanyar ruwa ta nan, ta zube a kwarin bayan gona. Kullum sai in ce baɗi. Ja mini ita in gani."

"A zanen, ko a gonar?"

"Fara a nan, ya fi sauƙin haƙa. Idan ta zauna daidai, sai ka hau mashin ka je ka nuna wa mai waken."

Na jingina allon a gefen gadonsa, na je na ɗauko murfin bokiti da ƙaramin burushi. Na durƙusa, yana nuna mini da yatsa ina bi, yana cewa in ɗan yi sama, in ɗan karkata, kada in ci iyakar mutane.